Fallen da Iska ta Ɗauke

Ranar wata Talata ce cikin watan Sha'aban na shekarar 1953, saura kwana goma sha biyu a kama azumi, na tafka ɓarnar da har yau ban manta da ita ba. Shekarata tara a lokacin. Ina zaune a rumfar gidanmu a Bungudu, an shimfiɗa tabarmi uku a gabana, a kansu kuma fallayen takarda arba'in na Alƙur'anin da mahaifina yake rubutawa da hannu, kowane falle an danne shi da ɗan dutse guda. Zafi ake yi irin na ƙarshen bazara, ko ganyen ceɗiyar ƙofar gida ba ya motsi. Baba ya tafi sharar gona tun da hantsi, Inna tana bayan ɗaki tana surfe, ni kuma an sa ni na yi alwala an ce in zauna in kori kaji, in hana akuya matsowa, har zayyanar da ke kan fallayen ta bushe. Aiki ne da na saba, na kuma iya shi. Sai ga ƙawata Tumba ta shigo da bakinta mai zaƙi, ta ce mu yi carafke. Muka duba tsakar gida ba tsakuwar kirki, sai idonmu ya faɗa kan duwatsun nan na Baba, masu santsi, mulmulallu, waɗanda shi da kansa ya tsinto a bakin gulbi. Na ɗaga kai na dubi sama, ban ga ko ɗigon girgije ba. Da farko biyar na ɗauka. Tumba ta ce ita ma tana son nata biyar. Daga nan muka ga ai gara mu tattaro su duka mu zaɓi waɗanda suka fi daɗin hannu, muka kwashe su a bakin zane, muka koma inuwar rumbu inda ƙasa ta fi laushi.

Ba mu kai wasa uku ba iska ta taso daga gabas, ba sallama ba gargaɗi, irin wadda take share wa ruwan farko hanya. Na ji Inna ta kurma ihu, "Ige! Takardun Malam!" Kafin in miƙe, fallayen sun tashi sama kamar an kori tantabaru, wasu suka bi ta kan danga, wasu suka maƙale a jinkar ɗaki, wasu kuwa ina kallo suka ƙetare ceɗiya suka nufi gonaki. Duwatsun suna hannuna.

Ba za a gane girman abin da na yi ba sai an san ko wane ne mahaifina. Malam Bawa mai zayyana ake ce masa, kuma daga Bungudu zuwa Gusau, har can Mada da Magami, duk wanda ɗansa zai yi saukar karatu kuma yana son allon da za a daɗe ana zancensa, zauren gidanmu yake nufowa. Mutum ne siriri, mara yawan magana, yana da ɗan rankwafo saboda sunkuyo. Manomi ne kamar kowa, yana da gonar dawa da ta gyaɗa da ɗan fegin auduga, amma ya raba yininsa yadda ba mai taɓa masa: rubutu daga asuba zuwa hantsi, hauya bayan nan. Yakan ce in ya fara da hauya, hannunsa rawa yake yi har washegari. Alƙalaminsa na gamba ne, shi yake yanko shi a fadama, ya feƙe da wata 'yar aska da ba a yanka komai da ita. In ya zana harafi guda, sai ka ga kamar yana da rai, cikinsa ya cika, wutsiyarsa ta sauko ta naɗe a hankali. Ni da ban gama haddace izu biyu ba a makarantar allonmu, nakan tsaya a bayansa ina kallo har Inna ta gaji da kira. A wurin wasa kuwa in gardama ta kaure tsakanina da yara, ƙarshen maganata ɗaya ce: ubanku ya iya rubuta Alƙur'ani da ka? Girman kai dai na yi shi, ban kuwa yi nadama ba.

Tawadarsa a gida ake haɗa ta, kuma wannan aikin namu ne ni da Inna. Bagaruwa muke tsinkowa mu daka, mu jiƙa ta kwana uku tare da kashin maƙera, wato ƙurar ƙarfen nan da ake samowa a maƙera, sannan a dafa, a tace da tsumma, a zuba ƙaro. Ja daga karan dafi yake fitar da shi, ruwan ɗorawa kuma daga wata ƙasa da fatake suke kawo masa a ƙulle cikin fata. Ranar dahuwar tawada gidanmu kan yi wani wari mai ɗaci-ɗaci da yake kama tufafi, yatsuna kuma su yi baƙi har sati. Sauran 'yan mata suna nuna lalle, ni ina nuna tawada.

Ga shi kuma mawaƙi. Yana tsara ƙasidu da Larabci waɗanda malamai suke kwafa, yana kuma yin waƙoƙin Hausa da ajami, na wa'azi da na yabon Annabi da na al'amuran duniya. A gona yake tsara su. In kana bin sa da ƙwaryar iri sai ka ji yana ta gunguni, yana saran ƙasa daidai da awon baitin, in ya dawo gida ya wanke hannu ya zuba su a takarda. Akwai wadda ya yi kan rowar maƙwabci da ruwan rijiya, mata suka ɗauke ta suka mai da ita waƙar daka, har mutumin da aka yi dominsa ya riƙa rera ta bai san da shi ake ba.

To amma duk wannan suna da ya yi, akwai mutum guda da bai taɓa ce masa ya iya ba, shi ne malaminsa, Alaramma Isiyaku na Tsafe. A gabansa Baba ya yi shekara goma sha ɗaya, a hannunsa ya hardace, shi ya kama yatsunsa ya ɗora su a kan alƙalami. Ranar da zai sallame shi ya dubi rubutunsa ya ce, "Bawa, hannunka shina da kyawo, amma shina gudu." Shi ke nan. Baba ya rubuta Alƙur'ani shida bayan wannan, kowanne kafin ya miƙa wa mai shi sai ya ɗauke shi takanas ya kai Tsafe, kowane karo kuma tsohon ya duba ya duba, ya ce madalla, sannan ya maimaita maganar nan. Inna takan ce in Baba ya dawo daga Tsafe, kwana biyu ba ya cin tuwon kirki. Shekara talatin ana haka. Sai labari ya zo cewa idon Alaramma na dama ya rufe, na hagun ma yana bin sa, ba ya ganin rubutu sai da rana tsaka in ya kai takarda dab da fuska. Jin haka Baba ya ajiye duk wani aikin allo, ya soma na bakwai, ba don kowa ba sai don malaminsa, da manyan baƙaƙe yadda ido mai rauni zai kama. Ya ɗauko ajiyarsa ta wata takarda mai kauri, mai launin madara, wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga hoton jinjirin wata uku a cikinta. Tun bayan yaƙin duniya ta daina zuwa, ya kuma ƙirga ta daidai da aikin, ba ragowar falle ko ɗaya. Shekara biyu yana kai. Fallaye arba'in ɗin nan su ne masu zayyana, ya bar su sai ƙarshe, kuma daga su sai naɗewa a sa a gafaka. Mako guda kafin ranar nan wani mai jaki ya kawo saƙo daga Tsafe cewa in Bawa yana son Alaramma ya gani da idonsa, kada ya bari azumi ya kama.

Abin da ya biyo bayan iskar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ihun Inna ya fito da unguwa gaba ɗaya. Matan da ba sa leƙa ƙofa suka riƙa miƙo fallaye ta kan danga, kowace ta naɗe hannu da gefen mayafi don kada ta taɓa ba alwala. Mahauci ya bar tukubarsa, masaƙa suka bar zarensu, wani tsoho mai sayar da taba ya hau jinka da rawaninsa yana warwarewa. Mutane suka bazu cikin gonaki suna kallon sama suna karo da juna. Ni kuwa gudu nake ina kuka, ƙaya tana sukar ƙafata ban ma ji ba. Allah ya taimake mu ruwan bai sauko nan take ba, sai da ya ba mu kamar tsawon dahuwar tuwo, sannan ya ɓarke. Baba ya shigo a jiƙe sharkaf, hauya a kafaɗa, ya tarar da zaurensa cike da jama'a da fallaye a jere a kan buzu. Ya dubi tabarmin rumfa, ya dubi tarin duwatsu a gindin rumbu, ya dube ni. Bai tambayi wanda ya yi ba. Abin da ya ce kawai, "Nawa anka samu?" Aka ƙirga sau uku, talatin da tara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kalmar da yake sa wa a ƙasan kowane falle don a san mai bi masa, sai na ga hannunsa ya tsaya. Wanda ya ɓata shi ne fallen tsakiyar Alƙur'ani, mai babbar zayyana, wanda ya kwana biyu yana yi.

Inna ta karyo tsumagiya. Baba ya ɗaga mata hannu, ta ajiye. Wallahi da ta dake ni da na fi samun sauƙi, don shirun da ya yi a kwana ukun da suka biyo ya fi kowace bulala zafi. Ba ya gunguni a gona, ba ya feƙe alƙalami. Kullum da safe sai mu fita nema, ni da shi, muna leƙa gindin sabara da kan ƙaya da bakin gulbi. A rana ta uku wani manomi daga wajen Kekun Waje ya yi sallama, ya zaro abu daga cikin hularsa. Fallen ne, ya same shi a kan sarƙaƙiya. Ruwa ya dake shi, ja da ruwan ɗorawa sun gauraye, ƙaya ta tsaga shi biyu. Baba ya yi wa mutumin godiya, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ya wanke abin da ya rage na rubutun a ciki, ya miƙo mini. "Ke kinka sake shi," in ji shi, "ke za ki riƙe shi." Na shanye tas, da ɗacinsa da komai. Sannan ya ce in shirya, gobe za mu Gusau neman takarda, daga can mu wuce Tsafe, kuma in Alaramma ya yi tambaya, ni zan ba da amsa da bakina.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, ni a kan jaki, gafaka a rataye a wuyan Baba, ƙasa tana ƙamshin ruwan farko, mutane sun fito shuka ko ta ina. Namu irin yana rumbu, don Baba ya ce gona ta jira. Wannan ne zuwana Gusau na farko, amma ba zan ce na ga gari ba, don kaina a sunkuye yake. Mun zaga kasuwa rumfa rumfa, mun shiga kantuna, duk inda Baba ya tambayi takarda mai jinjirin wata uku sai a girgiza kai. Daga ƙarshe muka je wurin wani dattijo mai sayar da littattafai, wanda ya san Baba. Da Baba ya faɗa masa abin da ya faru da wanda ake yi wa aikin, sai ya fito da Alƙur'ani bugun inji, ɗinkakke, mai bango, ya ce ga abin da duniya take yayi yanzu. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya yaba daidaiton layukansa, ya mayar. Sai dattijon ya kawo takardar da yake da ita, fara fat, siririya, ya rage murya ya ce a jiƙa ta da ruwan shayi a shanya, za ta rine ta koma kamar sauran, ba mai ganewa, balle mai ido guda. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta canza haka ba. Ya ce, "Ido gudan nan shi yak koya min baƙi. Ba ni ruɗin shi." Ya ɗauki farar takarda yadda take, muka fito.

A gidan Gwaggo, ƙanwar Baba da take aure a Gusau, muka sauka. Washegari ya shimfiɗa buzu ya gwada alƙalami, sai tawada ta nashe, harafin ya kumbura ya yi gashi. Ya sake falle, haka. Takardar tana shan tawada kamar ƙasar rani. Ya sa Gwaggo ta dama ƙullu tsararo, ya shafa wa falle na uku da gashin kaza gaba da baya, ya shanya, ya ce yanzu saura a goge shi da abu mai santsi har ya yi sheƙi. Aka kawo kwalba, ta yi girma. Aka kawo cokali, ya karce. Ni kuwa tun ranar iska akwai dutse guda a ƙulle a bakin zanena, na rasa inda zan jefar da shi, na kuma ji tsoron mayarwa. Na kwance na ajiye a gabansa ba tare da na ɗaga ido ba. Ya juya shi a tafin hannunsa, na ga gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya fasa. Ya ce tunda na iya wasa da shi, in gwada aiki da shi. Na durƙusa na yi ta guga har kafaɗata ta ƙage.

Duk da haka takardar ba ta yarda da sauri ba. In ya ja alƙalami yadda ya saba, a tashi ɗaya, sai bakin harafin ya fashe. Dole ya riƙa ɗibar tawada kaɗan kaɗan, ya ajiye bakin alƙalami, ya ja a hankali yana riƙe numfashi, ya ɗaga, ya jira, sannan ya ci gaba. Shafin da yakan gama kafin kunun safe ya huce, sai da ya kai shi la'asar. Zayyanar ta ci kwana huɗu. Ni ce mai gadin shanya, kuma a wannan karon ko ƙuda bai isa ya sauka ba, na danne kowace kusurwa, na zauna a gefe kamar an dasa ni. Da aka sa fallen a cikin 'yan'uwansa, sai ga shi ya fito a gefen tarin kamar farin zare a baƙin saƙi. Duk wanda ya kalla zai san an yi wani abu. Baba ya dube shi ya yi ajiyar zuciya, ya ce aikin shekara biyu ne zai je gaban malaminsa da tabo, amma haka Allah ya so.

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa Tsafe, saura kwana biyu azumi. Na tuna ƙarar ƙarfe, da hayaƙi, da duwatsun garin da suka riƙa tasowa ta taga kamar za su faɗo mana. Muka tarar da Alaramma a ƙofar zaurensa, an shimfiɗa masa buzu a rana. Tsoho ne ƙanƙane, gemunsa fari sol, idonsa na dama ya yi fari, na hagun yana ƙyafƙyaftawa. Baba, wanda manyan mutane suke cire takalmi a zaurensa, ya zube a ƙasa ya yi gaisuwa kamar yaro, ya ajiye gafaka. Dattawa biyar ko shida suna zaune a wurin. Tsohon ya zaro tarin, ya shinshina tawadar, ya ɗaga fallen farko dab da hancinsa, ya daɗe. Ya ɗaga na biyu, na uku. Ya ce madalla. Na ga wuyan Baba ya ƙara sunkuyawa, don ya san abin da yake bin madalla. Sai Alaramma ya bi gefen tarin da babban yatsa, yatsan ya tsaya a tsakiya, ya zaro farin fallen ya murza shi. "Wanga ba ɗan'uwan sauran na ba," in ji shi. "Mi ya hwaru?"

Baba ya waiwayo ya dube ni. Na gane lokacina ya yi. Na matso da gwiwa, na faɗi komai, da Tumba, da carafke, da duwatsu, da iska, da manomin Kekun Waje, har da ƙwaryar da na sha. Wani daga cikin dattawan ya yi salati. Alaramma ya ɗaga fallen. Ya juya ya ba rana baya yadda haske zai sauka a kan takardar, ya kai ta dab da idonsa na hagu, ya soma bin ta layi layi. Ya gama gaba ya juya baya. Inuwar zaure ta matso har ta taɓa buzunsa, aka ja masa shi gaba, bai ko sani ba. Can ya sauke takardar a cinyarsa, ya lalubo hannun daman Baba ya riƙe.

"Bawa," ya ce, "nan hannunka ya zamna." Ya sake cewa, "Ya zamna. Shekara talatin ina jiran wanga falle."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Bai share ba, bai ɓoye ba, ya bar su suna bin gemunsa a gaban dattawan Tsafe. Tsohon ya aika cikin gida aka ɗauko kurtunsa, ɗan tulun tawada na duma wanda hannu ya goge har ya yi baƙi yana sheƙi, wanda shi ma a wurin nasa malamin ya gada. Ya sa shi a tafin Baba ya rufe da nasa. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Ɗiyata, da na san haka na, da tuni na aiko an kwashe mishi duwatsun." Wurin ya ɓarke da dariya, ni kuwa na rasa ko kuka zan yi ko dariya, na haɗa duka biyun. Da wannan Alƙur'anin ya yi karatun azumin shekarar, kafin kaka kuma idon ya rufe ruf.

A hanyarmu ta komawa, tsakanin Gusau da Bungudu, na ji Baba ya soma gunguni a bayan jaki, sai na san gidanmu ya dawo daidai. Kafin mu hango ceɗiya ya gama waƙar, ga abin da na fi riƙewa a cikinta:

Iskar bazara ta zo gidana,
Ta ɗauki falle, ba ta tambaya ba.
Shekara talatin ina ta sauri,
Ta ce in zauna, ban ƙi zama ba.

A baitin ƙarshe, inda mawaƙi kan faɗi sunansa, bai ce Bawa mai zayyana ba, cewa ya yi Bawa uban Ige mai carafke. Sunan ya bi ni har gidan aure, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Shukarmu ta makara a shekarar, dawarmu ta fi ta kowa gajarta, Inna ta yi mita har kaka, Baba kuwa ko a jikinsa. Alƙur'ani na takwas shekara biyar ya ɗauke shi, kuma waɗanda suka san rubutu sun ce ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba.

Yanzu na tsufa, Baba da Inna da Tumba duk sun riga mu gidan gaskiya. Alƙur'ani ya wadata, alhamdu lillahi, yana kowane gida, yana ma cikin wayar jikokina, layukansa daidai, ba falle da ya bambanta da ɗan'uwansa. Ba na ƙin wannan. Sai dai fadamar da ake yankar gamba ta zama gidaje, kuma ban san gida ko ɗaya a unguwarmu da ake dafa bagaruwa don tawada ba. Shekarun baya na je Tsafe, jikokin Alaramma suka fito mini da gafakar. Mai wata uku tana nan garau, farin fallen kuwa ya yi ja, gefensa ya soma cinyewa, ba don komai ba sai don shi ake zarowa a nuna wa kowane baƙo. Suka tambaye ni ko na san labarinsa. Na ce na ɗan sani. Kurtun yana ɗakina a cikin kwalla, ya bushe, amma in na buɗe shi ina jin warin gidanmu. Har yau kuma, in hadari ya taso daga gabas, sai in ji hannuna yana laluben dutse.